Sojojin Mailafiya

Tun kafin a yanki Jihar Neja, an yi wani direban babbar mota a Kontagora mai ɗauko dawa daga kasuwar Auna. Ana kiransa Mailafiya, don bai taɓa kwanciya ciwo ba. Wannan suna ya shiga kansa ƙwarai. Ko mura wani ya yi, sai ya ce masa rago.

Wata rana ana loda masa buhuna, ƙaiƙayi ya faɗa idonsa na dama ya karce shi. Idon ya yi ja, yana ta hawaye. Da ƙyar matarsa Lauratu ta lallashe shi ya je asibiti, aka ce ƙwayar cuta ta shiga raunin, aka ba shi maganin ɗigawa.

Da ya koma asibitin bayan 'yan kwanaki, likita ya duba ya ce, "Ƙwayar cutar ta mutu. Saura sojojin jikinka. Da ido ya ji rauni, ya aika musu saƙo su kawo ɗauki. To, saƙon bai tsaya ba, suna ta kiran juna suna taruwa a kan fatar nan mai haske da ke rufe baƙin ido. Idan suka yi yawa za su ɓata ta. Ga wani magani, shi zai sa su janye."

Duk bayanin nan, kalma ɗaya Mailafiya ya riƙe: sojoji.

"Kin ji ko?" ya ce wa Lauratu a gida. "Likita da bakinsa ya ce sojojina sun yi yawa. Kuma wai in kore su?"

"Baban Ruka, cewa ya yi suna yi maka ɓarna. Don Allah ka ɗiga."

Ya ajiye kwalbar a kan taga. Idon na ƙara zafi, shi kuwa yana cewa yaƙi ake yi.

Bayan wasu makonni zafin ya lafa, amma hakiya ta rufe baƙin idon fari fat. Likita ya ce tabo ne, ba ya gogewa. Mai motar ya karɓe makullinsa, don ba ya ganin abin da ke tahowa ta damarsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da na je gaishe shi. 'Yarsa Ruka ta durƙusa a damarsa da kwanon ruwa, ta daɗe tana miƙa masa. Shi kuwa yana ta kiran a kawo masa ruwa.

Mai karatu, idan ana yi maka bayani, ka saurara har ƙarshe, kada ka tsinci abin da ya yi maka daɗi ka zubar da sauran. Ƙarfin da ba ya jin a tsaya, mai shi yake fara cutarwa.