Randar da Aka Hana Gumi

An ce a Tudun Kanya an yi wani sarki, Jatau, mutumin kirki, sai dai ya ƙi jinin ƙorafi. Akwai wani dattijo, Nomau, da kullum sai ya zo fada ya ce rijiyar gari ta fara ƙafewa. Rannan sarki ya gaji, ya ce gobe a kore shi daga gari.

Da azahar sarki na kishingiɗe a zaure, sai wani tsohon ƙadangare ya leƙo daga tsagar bango, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna mini da Alhaji Cindo."

Sarki ya ce, "Wane ne kuma Cindo?"

Ƙadangare ya ce, "Wani attajiri ne ɗan gayu. Gumi na ɓata masa riguna, sai ya ce wa wanzaminsa, 'Ba ni maganin hana gumi.' Wanzami ya ce, 'Alhaji, bari ka ji labarin Lantana. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Ta ga randarta na tsattsafo tana jiƙa ƙasa, sai ta shafe bayan randar da fenti. Mijinta ya dawo daga gona, ya kurɓi ruwa, ya furzar, ya ce shayi aka dafa masa? Ashe tsattsafon ne ke sanyaya ruwan. Jikinka ma haka yake, Alhaji. In zafi ya yi yawa ya saki gumi, in sanyi ne ya sa ka rawar ɗari, in ruwa ya ragu ya aiko ƙishirwa. Da an daidaita sai ya yi shiru da kansa.'

"Cindo bai ji ba. Ya samo maganin wajen wani boka, ya tafi ɗaurin aure rigarsa fes. Kafin a shafa fatiha ya yanke jiki ya faɗi, aka yi ta sheƙa masa ruwa, har da rigar.

"Ni da ba ni da gumi, yini nake ina tsere tsakanin rana da inuwa. Kai kuwa Allah ya ba ka Nomau, za ka shafe shi da fenti."

Sarki ya share goshi, ya dubi tafinsa a jiƙe, kunya ta kama shi. Ya sa aka kira Nomau, ya ce, "Baba, yaushe za ka daina damuna?"

Ya ce, "Ran da aka yashe rijiya, ranka ya daɗe."

Aka yashe rijiya. Nomau bai sake leƙo fada ba, har sarki da kansa ya aika a dubo ko lafiya.