Madubin Mazin

Abakar ɗalibin fiƙihu ne a Alƙahira, yana haya a unguwar Ard al-Liwa. Mutum ne mai ƙwazo da ibada, sai dai Allah Ya jarrabce shi da zargi. Ko gaisuwa aka tsawaita masa, sai ya ce da wata a ƙasa.

A benen da yake zaune akwai Mazin, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro. Da sanyi ya shigo, Abakar ya lura duk safiyar Asabar Mazin na fita da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a aljihu, ba ya dawowa sai azahar.

"Ɗan gudun hijira da madubi?" in ji shi ga Gidaɗo, abokin ɗakinsa. "Wallahi sunayenmu yake rubutawa yana kai wa hukuma."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba."

Kafin mako biyu magana ta zaga bene. Waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare suka daina amsa sallamar Mazin. Mai gidan, da ba ya son abin da zai haɗa shi da 'yan sanda, ya ce masa ya tashi.

Abakar bai gamsu ba, hujja yake so. Ran Asabar ya bi shi a ɓoye, daga jirgin ƙasa na metro zuwa ƙaramar bas, har Wadi Degla, kwarin duwatsun da ke bayan unguwar Ma'adi. Iska na yankar kunne. Can ya hango Mazin durƙushe bayan wani dutse, ya kafa madubi, yana rubutu. Abakar ya lallaɓa ya fizge littafin.

Zanen tsuntsaye ne. Shaho biyu, mujiya ɗaya a kogo, sawun dila a yashi, kowanne da ranarsa.

Mazin ya dube shi, bai ɗaga murya ba. "Malam Abakar, ka kore min shahon." Ya karɓi littafinsa ya kaɗe ƙura. "A garinmu bakin kogi haka nake yi da babana, Allah Ya ji ƙansa. Tun da na baro gida, nan kaɗai nake samun numfashi."

"Ɗan'uwa, ka yafe ni. Yau zan je wa mai gida."

"Khalas, magana ta ƙare, ya riga ya ba wani ɗakin. Gobe zan kwashe iyalina."

Abakar ya bi ƙofa-ƙofa yana janye maganarsa. Wasu suka yarda, wasu suka ce Mazin ne ya tsorata shi. Washegari yana tsaye a tagarsa aka ɗora katifu a mota, Sulafa matar Mazin tana share hawaye da bakin mayafi.

Darasin a nan shi ne, zato ba sani ba ne. In ka ga abin da ba ka gane ba a wurin maƙwabcinka, je ka tambaye shi kafin ka gaya wa kowa. Da Abakar ya yi tambaya ɗaya a bakin ƙofa, da bai raba bayin Allah da matsuguninsu a tsakiyar sanyi ba.