Babban Inji da Langa Marar Murfi

Akwai wani mai fito a bakin kogin Wudil, sunansa Garzali. Ku mabiya wannan shafi da kuke cin kasuwar Juma'a, wataƙila kun taɓa shiga jirgin irinsa.

Sana'ar gado ce. Mahaifinsa, marigayi Malam Sabo, ya bar masa kwale-kwale mai ƙwari da wata doguwar gora da hannu ya goge ta har tana sheƙi. Da ita ake tura jirgi, da ita kuma ake taɓa ƙasa a ji zurfin ruwa.

Garzali ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Ciwonsa ɗaya ne, yana son a kalle shi.

Ana nan sai Baba Halliru, aminin mahaifinsa, ya ga ƙarfi ya fara ja baya, kafaɗa ba ta son gora kamar da. Ya je ya samo ɗan ƙaramin inji, irin wanda ake ban ruwa da shi a fadama. Aka zaunar da shi a tsakiyar jirginsa, aka ja masa ƙarfe da 'yar farfela ta baya. Jirgin ba ya gudu, sai dai ya riƙa tafiya fat-fat-fat har ya kai.

Ranar da aka fara tayar da shi, Garzali ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Jama'a, mai tattasai ya kawo! Baba Halliru ya buɗe markaɗe a tsakiyar ruwa!"

Aka bushe da dariya. Tun daga ranar sunan ya bi jirgin, kowa sai ya ce Markaɗe. Dattijon bai taɓa tankawa ba. In an faɗa sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Amma abin da Garzali bai gaya wa kowa ba, mata masu kai nono da kayan miya kasuwa sun fara komawa wajen Markaɗen, don ya fi gora sauri. Abin ya tsaya masa a rai. Bayan girbi ya sayar da amfanin gonarsa, ya nufi shagon Gwadabe makaniki, wanda ya haɗa wa Baba Halliru nasa.

Bayan sun gaisa, an tambayi gida da aiki da mutanen bakin ruwa, Garzali ya ce inji yake so.

Gwadabe ya nuna masa wani sabo fil a kwali. Ya ce, "Ga irin na Baba Halliru. Ba ya shan mai, ba tsada, in ya lalace ko mai gyaran babur zai taɓa maka shi. Farfelarsa a sama-sama take, ko ruwa ya ja baya za ka wuce."

Garzali ko kallon kwalin bai yi ba. Idonsa na kan wani ƙaton inji ɗan gwanjo da ke jingine a lungu, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, baƙi, da rubutun Turanci ɓaro-ɓaro a jikinsa. Irinsa yake gani a waya, a jiragen Legas.

"Wancan fa, Oga Gwadabe?"

"Wancan na babban ruwa ne. Ƙafarsa doguwa ce, kuma ya yi wa kwale-kwalenka nauyi. Kai ka fi ni sanin kogin nan da rani, rabinsa yashi ne. Daidai ruwa daidai tsaki, Garzali."

"Haba Oga! Ni da ƙuruciyata in shiga layin masu markaɗe? Karen bana shi ke maganin zomon bana. Ɗaura min shi kawai."

Gwadabe ya ɗaga kafaɗa. Shi ɗan kasuwa ne, ya faɗi gaskiya sau ɗaya, ba zai kori ciniki ba. Ya ɗaura masa.

To, a lokacin ruwa bai gama janyewa ba, sai injin ya yi ta aiki. Jama'a, ku zo ku ga Garzali! Hula a karkace, baƙin tabarau a ido, in ya murɗa sai gaban jirgin ya ɗaga sama. Ɗaliban jami'a da ke zuwa shan iska bakin ruwa suna ɗaukar sa a waya, shi kuwa kansa ya ƙara fashewa.

Wata rana ya saɓo gorar mahaifinsa ya kawo gida, ya yar a tsakar gida. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ga wannan ki tokare igiyar shanya da ita. Mai inji ba ya yawo da sanda."

Inna Hansai ta dubi gorar, ta dube shi. Garzali ɗan fari ne, tana yi masa alkunya, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna tana ja-in-ja da shi. Abin da ta ce kawai, "Kai wannan, mai gorar nan bai taɓa shiga ruwa babu ita ba."

"Zamaninsu daban, Inna."

Ta ɗauka ta tokare igiyar.

Da rani ya tsaya sosai, aka sa bikin ƙanwarsa Rahinatu. Gidan mijin yana wani ƙauye a ƙetaren ruwa. Shekara da shekaru Inna Hansai tana tara mata kayan ɗaki da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli, yau kwano, gobe kula, jibi tire. A cikin kayan akwai wata tsohuwar langa mai murfi, fara da jan fure. Da ita aka kai mahaifiyar Hansai ɗakin miji, da ita aka kai Hansai. Ta sha gaya wa Rahinatu cewa ita za a ɗora a can saman jere, kowa ya shigo ita zai fara gani.

Ana gobe jere, Inna ta ce a ɗauko kurkura, 'yar motar ɗaukar kaya, a zagaya da kayan ta gada, ko kuma a roƙi Baba Halliru ya ƙetare da su a hankali.

Garzali ya yi tsalle ya dire. "Kayan ƙanwata a Markaɗe? Ina raye? Inna, so nake dangin mijin nan su san daga gidan da ta fito. Ni zan kai, kuma kafin a gama guɗa ɗaya na isa."

Aka bar shi. Wa zai ja da babban wa a ranar bikin ƙanwarsa?

Da hantsi aka yi lodi. Gado, katifa, kuloli, da wata babbar kwalla da aka shirya kwanuka a ciki, langar tana sama. Gwaggo Murja, ƙanwar mahaifinsu, wadda ita ce shugabar 'yan jere, ta shiga tare da mata biyu. Sauran matan suka shiga jirgin Baba Halliru, wanda shi zai fara tashi.

Kafin ya tashi, dattijon ya waiwayo ya ce, "Ɗan Sabo, ka biyo bayana. Ruwa ya sauka cikin satin nan, hanya ta canza. Ina gorarka?"

"Tana shanya, Baba!" Garzali ya faɗa yana dariya.

Ya ja igiya, inji ya ɗauka da ruri. Maimakon ya bi baya, sai ya yanke ta gefe don ya wuce Markaɗe a gaban mutanen da suka taru a gaɓa biyu. Ya wuce kuwa, har ya watsa musu ruwa. Gwaggo Murja tana riƙe da gefen jirgi tana cewa, "Garzali, ka yi wa Allah ka rage! Ba tsere muka zo ba!"

Ba ta rufe baki ba aka ji ƙum!

Ƙafar injin ta caki tudun yashi. Farfela ta karye, jirgin ya juya a karkace, ruwa ya kwararo ta baya inda nauyin yake. Kwallar nan ta sulale ta kife a cikin kogi. Kwanukan da aka yi shekaru ana tarawa suka watse a kan ruwa, kowanne ya kama gabansa.

Garzali ya kai hannu inda gora take zama. Babu komai a wurin.

Ya yi tsalle ya faɗa ruwa don ya riƙe jirgin da hannu. Ruwan iya gwiwa ne. Ya ƙara taku ɗaya, sai ya zurma cikin ramin da masu haƙar yashi suka bari, ya nutse har hula. Kafin ya taso ya tofar da ruwa, jirgin ya kuɓuce, ruwa yana jan sa da mata uku a ciki suna salati, gefen katifa yana jiƙewa.

Duk wannan a idon dangin ango, waɗanda suka fito tarbar kaya.

Sai ga fat-fat-fat ta matso. Baba Halliru ya sha gaban jirgin, ya kashe ɗan injinsa, ya kafa gorarsa a ƙasa ya tokare. Shi bai taɓa barin tasa a gida ba. Matan jirginsa suka riƙo na Garzali, samari suka faɗo ruwa daga gaɓa suna tsintar kwanuka ɗaya bayan ɗaya.

Wani matashi daga gaɓa ya ƙwala, "Yau ga Markaɗe ya ceci jirgin sama!"

Baba Halliru ya daka masa tsawa. "Kai, rufe mana baki! Ruwa ba shi da gwani."

Garzali ya hawo jirginsa yana ɗigar ruwa, ba hula, ba tabarau. Ya kasa ɗaga ido. Ya so a ce ramin nan ya riƙe shi bai taso ba. Jira yake dattijon ya ɗaure jirgin a bayan nasa ya ja shi zuwa gaɓa kamar akuya, kowa ya gani.

Amma Baba Halliru sai ya miƙo masa gorarsa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Karɓi. Kai za ka shigar da kayan ƙanwarka, ba ni ba. Ka iya, ubanka ya koya maka."

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Garzali ya karɓa, ya tura jirgin har gaɓa, hawaye na haɗuwa da ruwan da ke fuskarsa.

An yi jere a ranar, amma sai bayan la'asar. Katifar amarya a kan dangar gidan miji ta wuni tana shan rana, duk wanda ya wuce sai ya tambaya. Da Gwaggo Murja ta shirya kwanuka, komai ya fito, har langar, wadda wani ya tsamo can ƙasa da mashigi. Murfinta ne kawai babu.

Da yamma Garzali ya koma gida. Ya daɗe a zaure kafin ya iya shiga. Labari ya riga shi isowa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

Ta ce, "Kowa ya fita lafiya?"

"Lafiya, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

Ba ta tambayi murfin ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta kwashe shanyar da ke kan igiya, ta zare gorar, ta goge ta da gefen zanenta, ta jingina a ƙofar ɗakinsa. Ta koma ciki ta saki labule. Ta bayan labulen ya ji tana jan hanci a hankali.

Kwana da kwanaki Garzali yana nutso a wurin nan yana lalube cikin yashi. Bai samu ba.

Daga baya ya kwance ƙaton injin ya mayar wa Gwadabe, ya ce a ba shi na kwalin. Gwadabe bai ce masa "ai na faɗa maka" ba, ya dai haɗa masa. Daga nan ya wuce wajen Baba Halliru, ya cire takalmi ya tsuguna a gaban mutane, ya ce, "Baba, ni na laƙa wa jirginka suna. Ka yafe mini."

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Tashi, ɗan Sabo. Yanzu markaɗe ya zama biyu, sai mu raba masu tattasai."

Yau in ka je bakin ruwan za ka ga jirage biyu suna tafiya fat-fat-fat, kowanne da gora a kwance a gefensa. Matan kasuwa sun dawo. Mutane ma sun manta, kamar yadda mutane suke mantawa.

Garzali ne bai manta ba. Duk ranar da ya ƙetara gaishe da Rahinatu, sai ta hau kujera ta sauko da langar daga saman jere, don ba ta da kwanon da ya fi ta daraja da za ta zuba wa yayanta abinci. Sai ta rufe ta da faifai ta ajiye a gabansa.

Ya taɓa ce mata, "Rahinatu, bari in sayo miki sabuwa mai murfi, wadda ta fi wannan."

Ta ce, "A'a Yaya, bar ta. Wannan ta Inna ce, kuma ta kakarmu. Ci abincinka kada ya huce, ka ga faifai ba ya riƙe zafi."

Ba da gori ta faɗa ba, har zuciyarta ta faɗa. Shi kuwa ya ɗaga faifan, ya daɗe yana kallon tuwon kafin ya iya sa hannu.

Darasi: Ka zaɓi abin da ya dace da ruwanka, ba abin da zai sa a kalle ka ba. Kada ka raina ƙaramin abin da ke biya wa wani buƙata, kuma kada sabon abu ya sa ka yar da abin da iyaye suka bar maka. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai shi kaɗai yake biyan kuɗinsa ba, har da waɗanda suke ƙaunarsa. Ana yafe laifi, amma wani abin in ya nutse ba ya tasowa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke shirin barin gorarsa a gida.