Kurege da Sandar Golf Mai Tsada

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu ƙara.

To, ku matso kusa da wuta. Kai Ɗanliti, janye ƙafarka daga kan tabarmata.

Kurege ne dai yunwa ta koro shi daga dawa, ya zo bayan gari ya haƙa rami a gefen wani makeken fili mai ciyawa kore shar, an aske ta kamar kan ango. A filin nan manyan mutane suke wani wasa da ake kira golf. 'Yar farar ƙwallo ce kamar ƙwan zabuwa, sai mutum ya yi ta bin ta da sanda har ya jefa ta cikin wani ɗan rami. In ta zo dab da ramin, akwai wata sanda ta daban mai faffaɗan kai da ake ɗan tura ta da ita a hankali.

Kullum Kurege yana leƙe. Akwai wani mai ƙaton tumbi, ya tura ƙwallo ta wuce rami, sai ya harari sandar ya ce, "Wannan sandar ba ta da kyau." Kashegari ya zo da sabuwa mai ƙyalli, yana ba abokansa labarin tsadarta. Ya tura ƙwallo ta wuce rami. Ya harari sandar ya ce, "Wannan ma ba ta da kyau."

Kurege ya kama baki ya ce, "Ashe akwai wasan da ba a taɓa ganin laifin hannu? Na sami sana'a!"

Ya shiga wani gida ya saci muciya. Ya kankare busasshen tuwon da ke jikinta, ya naɗe kanta da takardar alewa mai walƙiya, ya ɗaure mariƙinta da robar taya. Ya saɓa ta a kafaɗa ya koma dawa, bai zame ko'ina ba sai gidan Bushiya.

Ya ce, "Yaya Bushiya, kina son gyaɗa?"

Ta ce, "Wa ba ya so?"

Ya ce, "To zan shafa miki farar ƙasa, ki dunƙule. In aka taɓa ki da wannan sanda, ki gangara ki faɗa rami. Abin da aka samu mu raba daidai."

Ta ce, "Daidai?"

Ya ce, "Daidai wa daida."

A dawan nan kuwa akwai Gwaggon Biri, mai rumbun gyaɗa cike har baki, mai son a ce shi ne. Kurege ya share fili a ƙofar gidansa, ya haƙa ɗan rami, ya fara zagaye shi yana gyaran murya.

Gwaggon Biri ya fito ya ce, "Kai kuma me kake yi a ƙofar gidana?"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, wasan manya ne na birni. Ban sani ba ko za ka iya."

Gwaggon Biri ya ce, "Ni? Ba ni nan!"

Kurege ya miƙa masa karan dawa da ƙwallon goruba. Ya buga, goruba ta tafi gabas. Ya sake bugawa, ta tafi yamma. Ya sake, ta daki ƙafarsa.

Kurege ya ce, "Ayya, ba laifinka ba ne, ranka ya daɗe. Hannu irin naka ai bai dace da sandar talakawa ba."

Sai ya zaro muciya tana walƙiya, ya ajiye Bushiya fara fat a dunƙule.

Gwaggon Biri ya ce, "Wannan ƙwallon yaya na ga kamar tana da ƙaya?"

Kurege ya ce, "'Yar ƙasar waje ce, da gashinta take zuwa. Kuma doka ce, ba a taɓa ta da hannu."

Gwaggon Biri ya ɗan taɓa ta da muciya. Gangar-gangar, ƙwal, ta faɗa rami. Ya juya baya ya buga ta wajen kudu. Ta tafi kudu, ta yi kwana, ta zagaye kututture, gangar-gangar, ƙwal, ta faɗa rami.

Gwaggon Biri ya yi tsalle ya dire ya ce, "Sayar min!"

Kurege ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce."

"Rabin rumbuna!"

"Haba, ranka ya daɗe, kada sandar ta ji ka. In aka taya ta da araha fushi take yi."

"Rumbun duka!"

Kurege ya yi ajiyar zuciya kamar an raba shi da uwarsa, ya ce, "Albarkacinka ne kawai. Ƙwallon dai ni zan riƙa ajiye ta, don ba ta son baƙon wuri."

Aka kwashe gyaɗa kaf zuwa gidan Kurege. Ya zauna ya ci, ya ci, ya ci. Ya kwanta ya ci, ya tashi ya ci. Da Bushiya ta zo karɓar rabonta, sai ya tura mata tarin ɓawo.

Ta ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Rabonki. Kowace gyaɗa na raba ta biyu, ciki nawa, waje naki. Naki ma ya fi tsibi."

Bushiya ta dubi ɓawo, ta dubi cikin Kurege da ya yi tim kamar ganga. Ta ce, "Na gode, ƙanena." Ta tafi.

Shi kuwa Gwaggon Biri bai bar kowa ya huta ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, da muciyarsa a hammata. Har labari ya kai kunnen Zaki, ya ce a taru a yi gasa, wanda ya fara jefa ƙwallo a rami ya ɗauki tulun zuma.

Ranar gasa dawa ya cika. Giwa ta buga da reshen kuka, ƙwallonta ta ɓace a sama. Kura ta buga ta kuskure, ta ji haushi ta haɗiye ƙwallon. Sai Gwaggon Biri ya fito yana taƙama, ya ce, "Ku ja baya. Ku kalli abin da tsada ke yi."

Kurege ya ajiye Bushiya taku ɗaya daga rami, yana nishi don ƙoshi. Gwaggon Biri ya ɗan taɓa ta. Gangar-gangar, ta je bakin rami ta tsaya cak. Ta zagaye shi. Ta sake zagaye shi. Sai ta gangaro da baya ta hau kan babban yatsansa da ƙayarta duka.

Gwaggon Biri ya ce, "Wayyo!"

Ƙwallo ta warware, ta fito da hanci, ta karkaɗe farar ƙasa, ta ce, "Sannunku. A tambayi Kurege inda gyaɗata take." Ta yi tafiyarta tiƙis-tiƙis.

Dariya ta ɓarke, Kura har da birgima. Gwaggon Biri ya damƙi wuyan Kurege ya ce, "Yau sai na yi hula da fatarka!"

Kurege ya ce, "Tsaya, ranka ya daɗe! Ba laifin sanda ba ne, ba laifinka ba ne. Laifin rami ne. Sake ni in shiga in duba."

Gwaggon Biri ya ji daɗin an ce ba laifinsa ba ne, ya sake shi. Kurege ya zura kai, ya zura kafaɗa, da aka zo kan ciki sai gyaɗa ta ce ba inda za ta. Ya maƙale. Kai a ciki, ƙafafu a waje suna wutsil-wutsil.

Gwaggon Biri ya gane gudu ne. Ya kama jela zai jawo shi, sai Kurege ya yi kira daga ƙasa, "Ranka ya daɗe, kada ka bar jama'a su watse suna cewa ka sayi muciya! Gwada ta a kaina kowa ya gani!"

Gwaggon Biri ya saki jela, ya ja da baya, ya ɗaga muciya da hannu biyu, ya zabga wa Kurege a ɗuwawu. Fau! Kurege ya zurma ciki sulup.

Daga can ƙasa suka ji murya tana cewa, "Ka gani? Bugu ɗaya! Na ce maka sandar tana aiki!" Kurege ya ci gaba da haƙa yana kuka yana dariya, ya ɓulla bayan tsauni, ya tafi yana ɗingishi. Da ya isa gida kuwa sai ya tarar Bushiya ta kira danginta sun kwashe sauran gyaɗar, sun bar masa ɓawo a ƙofa, tsibi guda.

Can a fili, Zaki yana shirin sallamar jama'a, sai ga Buzuzu ya zo wucewa, kai a ƙasa, yana tura dunƙulen kashin shanu da baya da baya, bai ma san ana gasa ba. Dunƙulen ya kuɓuce masa, ƙwal, ya faɗa rami.

Zaki ya ce, "A ba shi zuma."

Buzuzu ya ce, "Ni dai a ciro min kayana."

Gwaggon Biri ya matso, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, da wace irin sanda ka buga?"

Buzuzu ya ce, "Sanda kuma? Da ƙafafuna na baya."

Gwaggon Biri ya dubi ƙafafun, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Na sayarwa ne?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na ajiye ta nan kafin ta cije ni. Duk wanda zai sayi sanda mai tsada a cikinku, ya fara shinshina ta tukuna. In ya ji ƙanshin tuwo, ya kawo min, tawa muciyar ta ɓata.