Kurege da Saƙon Asusun Kurmi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku kife wayoyinku!

Ta zo mu ji ta, mun kife.

To, wata shekara ce namun daji suka waye. Kowa ya sayi waya, aka daina ɗaure kuɗi a bakin zane. Wani kamfani mai suna Asusun Kurmi shi ke ajiye wa kowa dukiyarsa. In za ka biya mai nama, ka danna. In za ka biya mai gyaɗa, ka danna. Kowa da lambar sirrinsa.

Shi kuwa Kurege, asusunsa fayau. Bai yi noma ba, bai yi dako ba, ga kwaɗayin gyaɗa. Sai ya zauna a bakin raminsa ya tsara imel, ya manna tambarin kamfanin a sama, ya buɗe adireshi mai suna Asusun Kurni. Ya rubuta: “Ya kai abokin hulɗa, za a rufe asusunka yanzu-yanzu. Danna nan, ka sa lambar sirrinka, ka tsira.”

Ya aika wa Kura.

Kura na cikin gaigayar ƙashi ta ga saƙo. Ta ce, “Wayyo! Yanzu-yanzu?” Ta yar da ƙashin, ta danna, ta sa lamba, har ta ƙara da godiya. Kurege ya kwashe abin da ke ciki ƙaf, ya sayi gyaɗa buhu-buhu, Jaki ya kawo masa har ƙofar rami.

Ya ci gyaɗa, ya ci gyaɗa, har wutsiyarsa ta yi sheƙi. Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Sai ya ce, “Kura ma ke nan, ina ga sarki?” Ya aika wa Zaki.

Zaki ya karanta. Ya kai yatsa ya danna, farce ya zame. Ya sake dannawa, farce ya zame. Ya danna, ya danna, rubutun ƙarami, dagin ƙato. Da haushi ya ishe shi sai ya kira kamfanin, ya yi ruri: “Wane mara kunya ne zai rufe asusuna?”

Suka ce, “Ranka ya daɗe, ba mu muka aiko ba. Mu ba ma tambayar kowa lambar sirrinsa.”

Aka buga ganga, daji ya taru. Kura ta zo tana kuka, ta ce ta je sayen hanji an ce ba ta da ko sisi. Jaki ya ce shi dai bai san komai ba, amma bayansa na ciwo saboda gyaɗar da ya kai wa Kurege. Aka jawo Kurege ta wutsiya, bakinsa duk ɓawo.

Zaki ya ce, “Kai ka aiko mini da wannan?”

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, “Ni ne, ranka ya daɗe. Kuma barka, ka ci jarrabawa!”

“Wace jarrabawa?”

“Gwaji na yi, in ga wa ke da basira a dajin nan. Kura ta danna. Kai kuwa, Allah ya ja zamaninka, kallo ɗaya ka yi ka gane ƙarya ce, ka ƙi dannawa. Ko ba haka aka yi ba?”

Zaki ya dubi farcensa, ya dubi jama'a. Ya yi gyaran murya ya ce, “Haka aka yi.”

“To ka ba ni izini in faɗa musu abin da ka gani.”

“Faɗa musu. Ni na gaji.”

Kurege ya haye kututture. Ya ce, “Sarki ya ga an ce masa abokin hulɗa, alhali kamfanin ya san sunansa. Sarki ya duba adireshi, ya ga Kurni, ba Kurmi ba. Ya ga ana cewa yanzu-yanzu, ya ce mai gaskiya ba ya korar ka da gudu. Da ya ga ana neman lambar sirri kuwa, sai ya ajiye saƙon ya kira kamfanin da kansa.”

Jama'a suka ce, “Kai! Sarki ya ga duk wannan?” Zaki ya gyaɗa kai, yana mamakin kansa.

Kura ta ce, “To, ranka ya daɗe, kuɗina fa?”

Zaki ya ce a ba ta sauran gyaɗar. Kura ta ce ita ba ta cin gyaɗa. Kurege ya ce don zumunci zai taya ta. Nan take aka naɗa masa rawani, aka ce shi ne Sarkin Saƙo, duk wanda ya ga imel bai gane ba ya kawo masa.

Bai gama warware rawanin a gida ba, waya ta yi ƙara. “Ya kai abokin hulɗa, fada ta aiko maka da tukuicin sarauta. Danna nan, ka sa lambar sirrinka yanzu-yanzu, kafin ya koma.”

Kurege ya yi dariya. Ya ce, “Ba sunana. Ga gaggawa. Adireshin ma Asusun Kurma.” Ya ajiye wayar. Ya zagaya rami ya dawo. Ya ce, “Amma fa an yi naɗi yau.” Ya sake zagayawa. Ya ce, “Kuma fada ba ta iya rubutu sosai ba.” Ya danna, ya sa lamba.

Ashe Dila ne ya aiko saƙon, wanda ya zauna a sahun gaba wajen taron yana sauraro da kyau. Ya share ɗan canjin Kura da ya rage, bai bar ko na gishiri ba.

Washegari Kurege ya ci karo da Zaki a hanya. Zaki ya ce, “Sarkin Saƙo, ya aiki? Akwai wanda aka cuta?”

Kurege ya gyara rawani. Ya ce, “Ko ɗaya, ranka ya daɗe.”

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege! Darasin ke nan, yara: in za ku yi wa manya sata, ku zaɓi mai ƙananan yatsu, in kuma za ku buɗe makaranta, ku leƙa ku ga ko Dila na cikin aji. Kai mai dariyar nan, kawo wayarka in duba maka wani abu. Mece ce lambar taka?