Furen Lahadi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Akwai wani dattijo a tsibirinmu na Vava'u mai suna Heamasi. Gonarsa ta fanila tana jikin ta amininsa Lisiate. Fanila shuka ce da ake sa 'ya'yanta a abinci don ƙamshi, furenta kuwa safiya ɗaya yake buɗewa. In ba a ɗaura masa aure ba, wato a haɗa namiji da macen furen da tsinke kafin rana ta take, sai ya faɗi bai bar 'ya'ya ba.

Tun suna samari suka yi alkawari cewa furen da ya buɗe ranar Lahadi na Ubangiji ne, ba mai taɓa shi.

Wata shekara Lisiate ya daina zuwa coci, wai gwiwa ta hana shi. Heamasi ya riƙa sa jama'a suna yi masa addu'a, yana aika masa da gasasshen gwaza da naman rago.

Ran wata Litinin Heamasi ya leƙa gonar amininsa don ya taimake shi. A tasa gonar furen jiya duk ya zube. A ta Lisiate kuwa kowane yana manne da reshensa.

Ya same shi a gida, ya ce, "Mutumina, ashe furenka ya iya aurar da kansa? Ko gwiwar ce ke warkewa in an buga ƙararrawar coci?"

Lisiate ya ce ba ya iya zama a coci yana tuna asarar da yake yi, ko waƙa ba ya ji.

Heamasi ya ce, "To da ka faɗa mini. Ka bar ni ina tsayawa gaban Allah ina faɗa masa ƙaryarka da bakina."

A wannan shekarar Lisiate ya fi kowa girbi. Amma ya ɗora wa itacen 'ya'yan da suka fi ƙarfinsa. Da shekara ta kewayo ganye ya yi rawaya, rassa suka bushe.

Lisiate ya zo neman irin dashe kansa a sunkuye. Heamasi ya yanko masa rassa masu kyau, bai hana shi ba. Sai dai da Lisiate ya ce ya sa shi a addu'a, dattijon ya ce, "Zo ka roƙa da bakinka. Nawa bai huce ba tukuna."

Darasi: Wanda ba ya iya ajiye aikinsa yini ɗaya bawan aikin ne, kuma bawan aiki har amininsa yakan yaudara. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.