Ranar da Tamsin Ta Nemi Maɓalli

Lorna Halvorsen malamar aji uku ce a makarantar garinmu, can cikin gonakin alkama na lardin Manitoba. Ajina yana jikin nata. Mace ce mai kirki, ta kuma iya koyarwa, sai dai tana da son jiki, kuma ba ta son a gyara mata aiki.

Shekarar da aka raba wa yara kwamfutocin hannu, ta fi kowa murna. Akwai manhajar karatu a ciki: yaro ya karanta labari, ya amsa tambayoyi, sakamako ya fito a kwamfutar malama. Wanda ya ci sunansa ya yi kore, wanda ya faɗi ya yi ja. Da farko Lorna takan zagaya ta zauna kusa da kowane yaro ya karanta mata. Sannu a hankali ta daina. Sai ta kame a teburinta da kofi a hannu, tana kallon launuka.

Wata rana na tsokane ta a ɗakin hutun malamai. Na ce, "Lorna, kujerar nan taki ta kusa kai ƙararki. Yaushe rabon da ki ji muryar yaranki?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai dai Gord, ci gaba da shaƙar ƙurar alli. Ajina kore shar. Naka fa?"

Nan ta kama ni, don nawa ja ya yi yawa.

A ajinta akwai wata yarinya mai shiru-shiru, Tamsin Beaudry, wadda sunanta bai taɓa yin ja ba. Ashe haruffa rikice mata suke yi, tana kuma jin kunyar faɗa. Sai ta gano wani maɓalli da aka tanada don masu raunin gani: da an danna, murya ta karanta labarin. Takan sa abin sauraro a kunne ta saurara, ta amsa komai daidai, don yarinya ce mai kaifin basira.

A ƙarshen hunturu aka yi ranar da kakanni ke kawo ziyara makaranta, aka haɗa azuzuwanmu a zaure. Kakan Tamsin, Armand, tsohon manomi da ganinsa ya yi rauni, ya zo riƙe da wani littafin labarin dawaki. Lorna ta tarbe shi da fara'a.

"Baba Armand, jikarka ce gwanar ajina. Tamsin, fito ki karanta wa kakanki kowa ya ji."

Tsohon ya washe baki. "To 'yar gidana, idona ya yi ritaya, yau ke ce idon."

Tamsin ta karɓi littafin ta buɗe. Ta daɗe tana kallon shafin. Can ta ɗago ta ce a hankali, "Malama, wannan ba shi da maɓalli."

Wasu yara suka tuntsire da dariya. Tamsin ta ajiye littafin ta fita da gudu, ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba. Armand ya lallaba ya miƙe, ya juyo wajen Lorna. Bai ɗaga murya ba.

"Malama, tun lokacin kaka yarinyar nan take ajinki. Ba ki taɓa cewa ta karanta miki ba?"



Daga baya aka samo wa Tamsin mai taimaka mata, ta kuma iya karatu. Lorna ba ta watsar da kwamfutocin ba, amma ta koma zagaya aji tana sauraron kowa. Sai dai har Tamsin ta bar makarantarmu, ba wanda ya sake ganin ta ɗaga hannu a aji.

Darasi a nan shi ne, na'ura mataimakiya ce, ba malama ba. Tana iya nuna amsar da yaro ya zaɓa, amma ba ta ganin abin da yake ɓoyewa don kunya. Duk wanda aka ba amanar yara, ya yi amfani da kayan zamani, amma kada su zaunar da shi. Ya tashi ya je kusa da yaron, ya ji da kunnensa.